Yadda Kiwon Sauro Ya Zama Sana'a

A birnin Kuritiba da ke kudancin Barazil akwai wata masana'anta da aka buɗe a shekarar 2025, wadda hajarta ɗaya ce tak: sauro. An gina ta ne don ta riƙa fitar da ƙwan sauro kusan miliyan 100 a kowane mako. Ma'aikatanta na sammako su duba ɗumin ɗakuna, su ba tsutsotsi abinci, su tanadi jinin da matan sauron za su sha, sannan a kwashi abin da aka samu a kai unguwannin mutane a saka. Ga wanda ya tashi yana kwana cikin gidan sauro da hayaƙin magani, wannan aiki zai yi masa kama da taɓin hankali. Amma sana'a ce mai dogon tarihi, tana da malamanta da asararta da rigingimunta, kuma tushenta wata 'yar ƙwayar bakteriya ce da ta daɗe zaune cikin sauron daji tun kafin wani ya san da zamanta.

Mutanen da suka fara ganin ta su biyu ne, a jami'ar Harvard ta Amurka, cikin 1924. Simeon Burt Wolbach likita ne da ya yi suna wajen binciken zazzaɓin da kaska da ƙwarƙwata ke yaɗawa, Marshall Hertig kuma masanin ƙwari ne matashi. Suna feɗe ƙwari iri-iri suna dubawa a madubin likita don neman dangin ƙwayoyin da ke kawo waɗannan zazzaɓi, sai suka tarar da wasu 'yan ƙwayoyi cunkushe cikin mahaifar sauron Culex pipiens, ɗan'uwan sauron nan na kwata mai kukan dare. A 1936 Hertig ya raɗa wa ƙwayar suna Wolbachia pipientis don girmama abokin aikinsa. Ba ta kama mutum, ba ta kashe sauron da take ciki, ba ta kuma tsira a kwanon gwaji kamar sauran bakteriya, sai cikin halitta mai rai. Tun da ba ta kwantar da kowa a asibiti, aka rubuta ta a takarda aka ajiye.

Abin da ya sake tono ta ya ɓullo ne ta wata hanya daban. A shekarun 1950 wani Bajamushe masanin gadon halitta, Hannes Laven, yana haɗa sauron Culex na garuruwa daban-daban barbara, sai ya riƙa cin karo da abin ɗaure kai. Namijin wani gari da tamatar wani gari za su haɗu lafiya lau, ta yi ƙwai, amma ko ɗaya ba zai ƙyanƙyashe ba. Idan kuma aka juya, aka ɗauko namiji daga garin tamatar, tamata daga garin namijin, wani lokacin sai ƙwan ya fashe, tsutsa ta fito. Ya lura cewa koma mene ne ke kawo wannan, ta wajen uwa ake gadonsa, uba ba ya bayarwa. Laven bai san mene ne ba, amma nan take ya ga makami a ciki. Namijin sauro ba ya cizo, ruwan furanni yake sha. Tamata kuwa yawanci sau ɗaya take barbara a rayuwarta. Idan aka cika gari da mazan da ba su dace da matan garin ba, kowace tamata da ta faɗa hannunsu ta yi asarar zuriyarta ke nan.

A 1967, da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya, ya gwada wannan dabara a wani ƙauye mai suna Okpo kusa da Rangun a ƙasar Bama, ƙasar nan da tsofaffin sojojin ƙasar Hausa suka yi yaƙi cikin dazuzzukanta shekara ashirin da 'yan kai kafin nan. A can sauron Culex ne ke yaɗa tundurmi. An zaɓi Okpo ne saboda a lokacin rani gonakin shinkafar da ke kewaye da shi sun bushe, sauron waje ba ya samun shigowa da sauƙi. Kowace rana ana sakin maza kusan 5,000. Aunawa kuma ba ta da wuya, domin sauron Culex kan jera ƙwansa a dunƙule ɗaya mai yawo a saman ruwa, sai a kwaso dunƙulen daga kwatoci da tuluna a jira a ga wanda zai fashe. Mako bayan mako waɗanda ba sa fashewa suna ƙaruwa, har cikin kusan wata uku aka wayi gari duk dunƙulen da aka kwaso matacce ne. Laven ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a wannan shekarar. Ya share sauron ƙauye guda ba tare da feshin ko ɗigon magani ba, kuma har lokacin bai san sunan abin da ya yi masa aikin ba.

Sai a 1971 Janice Yen da Ralph Barr na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka haɗa bakin zaren. Suka ce ƙwayar nan da Hertig ya raɗa wa suna ce ke hana ƙwan fashewa, daga baya kuma suka tabbatar da haka ta hanya mai sauƙi: suka zuba maganin tetracycline a ruwan da tsutsotsi ke girma, ƙwayar ta mutu, mazan da suka fito daga ruwan suka daina ɓata wa kowace tamata ƙwai. Daga nan aka gane dabararta. Wolbachia na bi ta cikin ƙwan uwa zuwa ga 'ya'ya, don haka namiji a wurinta hanya ce da ta toshe. Sai ta mayar da shi ɗan aikenta. Namiji mai ɗauke da ita idan ya haɗu da tamatar da ba ta da ita, ƙwai ya lalace. Tamata mai ɗauke da ita kuwa ko da wane namiji ta haɗu za ta ƙyanƙyashe, kuma 'ya'yanta duka za su gaji ƙwayar. Ta haka matan da ke da ita suke fin sauran zuriya, tsara bayan tsara, har ta mamaye dangi. Inda kuma garuruwa biyu ke ɗauke da nau'inta daban-daban, kamar sauron Laven, sai nau'in ya ƙi jinin ɗan'uwansa.

A daidai wannan lokaci sana'ar ta yi tuntuɓenta mafi muni. Hukumar Lafiya ta Duniya da majalisar binciken likitanci ta Indiya sun kafa wata cibiya a Delhi a 1969 don gwada irin waɗannan dabaru a fili. Ma'aikatanta sun ƙware wajen kiwon sauro da yawa da ware maza daga mata tun suna cikin kwasfa, domin kwasfar namiji ta fi ƙanƙanta. Sun gano matsala ta gaskiya a ƙauyukan da ke kewaye da Delhi: matan da suka riga suka yi barbara a wani wuri suna kwararowa daga maƙwabta, suna ɓata lissafi. Amma wata matsalar ce ta kashe cibiyar. Ana shirin sakin sauron Aedes aegypti a garin Sonepat, sai jaridu suka fara tambaya: me ya sa cibiyar da ke cin kuɗin Amurka take nazarin sauron da ke yaɗa shawara, alhali babu cutar a Indiya? Aka yi zargin shirin yaƙi da ƙwayoyin cuta ne. Magana ta kai majalisar dokoki, aka soke sakin, a 1975 aka rufe cibiyar. Masanan sun musanta zargin, kuma sauron Aedes ɗin shi ne ke yaɗa zazzaɓin dengi wanda Indiya ke fama da shi. Sai dai duk wanda ya yi niyyar zuba dubban sauro a ƙofar gidan mutane bai zauna da su ya yi musu bayani har sun gamsu ba, shi ya buɗe wa zargi ƙofa. Bayan Delhi, aikin sakin sauro ya yi sanyi na shekaru da dama.

Ƙudan 'ya'yan itace ne ya farfaɗo da shi. A 1991 Michael Turelli da Ary Hoffmann suka nuna cewa wani nau'in Wolbachia yana bazuwa cikin ƙudajen Kalifoniya daga kudu zuwa arewa da gudun fiye da kilomita 100 a shekara, ba wanda ya tura shi. Da na'urorin binciken gadon halitta suka yi araha aka shiga duba ƙwari a ko'ina, sai ga ta a malam-buɗe-littafi, a tururuwa, a zanzaro, a buzuzu. Ƙiyasin masana a yau shi ne kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya suna ɗauke da ita. An ma same ta cikin tsutsotsin da ke kawo tundurmi da makantar bakin kogi, waɗanda ba sa iya rayuwa sai da ita, har aka gwada a Ghana da Tanzaniya aka ga maganin doxycycline na kashe ƙwayar, tsutsar ta daina haihuwa. Sai dai manyan masu laifi guda biyu kamar ba su da ita: Aedes aegypti mai dengi da shawara, da Anopheles mai zazzaɓin cizon sauro.

Wani Ba'ostireliye, Scott O'Neill, ya ɗauki wannan giɓi a matsayin aikin rayuwarsa. Tunaninsa na farko shi ne ya gajarta wa sauro kwana. Ƙwayar dengi na bukatar kwanaki da dama a jikin sauro kafin ta isa miyaunsa, don haka tsofaffin mata ne ke yaɗa cutar. A 1997 an gano wani nau'in Wolbachia a ƙuda mai hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har ya kashe mai ɗauke da shi da wuri, aka yi masa laƙabi da gugguru saboda yadda yake cika ƙwaƙwalwar ƙudan. Idan aka sa shi cikin sauro, tamata za ta mutu kafin ta zama haɗari.

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Ƙwan Aedes bai kai milimita ɗaya ba. Idan tamata ta saka shi fari ne mai laushi, cikin ɗan lokaci ya yi baƙi ya taurare, don haka sai an kama shi a tsakani. Mai aikin zai jera ƙwayayen a layi da ɗan buroshi, duk gindinsu na kallon wuri ɗaya, ya bar su su ɗan sha iska don kada su fashe, ya rufe su da mai, sannan ya sunkuya kan madubi ya soka wa kowanne allurar gilashi mai sirantaka fiye da gashi, daidai gindin da ƙwayoyin haihuwa za su tsiro. Yawancinsu mutuwa suke yi. Waɗanda suka rayu kuma sau da yawa ba sa miƙa ƙwayar ga 'ya'yansu. Ɗalibin O'Neill, Conor McMeniman, sai da ya fara sabar da ƙwayar da zama cikin tantanin sauro a kwalba na wasu shekaru kafin ta yarda ta zauna, kuma ya soki dubban ƙwai. An wallafa nasarar a farkon 2009. Kafin nan, a 2005, Zhiyong Xi da Stephen Dobson a jami'ar Kentucky sun riga sun dasa wani nau'in daban cikin wannan sauro.

Ana cikin haka sai labarin ya sauya salo. A 2008 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Kambirij ɗaya a Queensland, suka gano cewa ƙudan da ke ɗauke da Wolbachia ba ya mutuwa da wasu ƙwayoyin bairos da ke kashe 'yan'uwansa. A 2009 Luciano Moreira, ɗan Barazil da ke aiki a ɗakin gwajin O'Neill, ya shayar da sauron da aka dasa wa ƙwayar jini mai dengi, sai bairos ɗin ya kasa yaɗuwa a jikinsu. Haka ma na chikungunya, daga baya aka ga har da na Zika. Wolbachia na cinye kitse da sauran abubuwan da bairos ke bukata a cikin tantani, tana kuma tayar da garkuwar jikin sauron, kamar baƙon da ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa ya cika ɗaki, wanda ya zo daga baya bai sami wurin zama ba. Ashe ba a bukatar kashe sauron da wuri, ba a ma bukatar rage yawansa. Sai aka koma ga wani nau'i mai sauƙin hali da ake kira wMel, wanda ba ya wahalar da mai ɗauke da shi.

Wurin gwaji na farko shi ne unguwanni biyu kusa da birnin Cairns a arewacin Ostireliya, Yorkeys Knob da Gordonvale. Birnin ya sha annobar dengi a 2008 zuwa 2009 wadda ta kama ɗaruruwan mutane. Wannan karon har da mata za a saka, masu cizo, don su ne ke ɗauke da gadon. Kusan shekara biyu aka yi ana taro da mazauna, ana amsa tambayoyinsu, ana kuma gwajin da suka nema: ko ƙwayar na shiga jinin mutum idan sauro ya cije shi, ko tana cutar da gizo-gizo da tsaka masu cin sauron. Ma'aikatan aikin da kansu suke miƙa hannu da ƙafa cikin keji suna shayar da matan sauron jini. A watan Janairun 2011 aka fara, mota na bin layi, ma'aikaci ya sauko da ɗan kofi ya buɗe murfi a bakin shinge. An yi mako goma ana haka, sauro kusan 300,000 a unguwannin biyu, duk da guguwar Yasi da ta afka wa yankin a farkon Fabrairu. Makonni bayan an daina, kusan duk sauron da aka kama a Yorkeys Knob na ɗauke da ƙwayar, a Gordonvale kuma kusan tara cikin goma. Shekaru suka wuce ba a ƙara sakin ko ɗaya ba, ƙwayar ta zauna daram, kuma yaɗuwar dengi a cikin gari ta kusan ƙarewa.

Gugguru kuwa an gwada shi a tsibirin Tri Nguyen na Biyetnam a 2013, ya hau, da aka daina sakin sai ya ɓace. Ya yi wa sauron nauyi da yawa.

Hujjar da ta gamsar da likitoci ta fito ne daga birnin Yogyakarta na Indonesiya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adi Utarini ta jami'ar Gadjah Mada. Aka raba birnin gida 24, aka yi ƙuri'a, 12 suka sami sauron Wolbachia, 12 aka bar su yadda suke. A nan ba a saki manyan sauro ba. Ɗan bokiti ake kawowa da ruwa da abincin kifi da ƙwai a ciki, a rataye shi a inuwa a gidan wanda ya yarda, duk mako biyu a zo a sake. Masu gidajen nan har laƙabin iyayen riƙo aka yi musu. Daga farkon 2018 zuwa Maris 2020 aka riƙa auna jinin masu zazzaɓi da ke zuwa ƙananan asibitocin birnin, ana duba daga wace unguwa suka fito. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100 a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya asibiti saboda cutar kuma ta ragu da kashi 86. Dabarun yaƙi da sauro kaɗan ne suka taɓa tsallake jarrabawa mai tsanani irin wannan.

Daga nan aikin ya bazu. A Barazil cibiyar Fiocruz ta saki sauron a Rio de Janeiro da Niteroi, a Kolombiya aka baza shi a duk faɗin Medelin da maƙwabtanta. Singafo tun 2016 ta koma ga tsohuwar hanyar Laven, maza zalla take saka don rage yawan sauron, haka ma wasu tsibirai biyu a Guangzhou na ƙasar Sin inda aka kusan share sauron Aedes albopictus. Wannan hanya tana da tsada, domin ranar da aka daina, sauron waje zai dawo. Darasin Delhi ma bai tsufa ba: a ƙarshen 2023 an dakatar da sakin da aka shirya a tsibirin Bali bayan jita-jita ta game gari mutane suka ƙi, a cikin ƙasar da ta samar da hujja mafi ƙarfi.

Ga mai karatu a Sakkwato ko Maraɗi tambayar da ta fi damunsa ita ce ta Anopheles, domin shi ne ke kashe yara a daminar kowace shekara. An daɗe ana cewa ba ya ɗauke da Wolbachia sam. A 2014 wasu masu bincike, cikinsu da Flaminia Catteruccia da Abdoulaye Diabaté, suka ba da rahoton samun alamarta a sauron Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii da aka kamo daga ƙauyukan da ke kusa da Bobo Julaso a Burkina Faso. Binciken da ya biyo baya a can da kuma Mali ya nuna matan da ke da ita ba su cika ɗaukar ƙwayar maleriya kamar sauran ba. Amma alamar kaɗan ce ƙwarai, har a 2019 wasu masana suka ce mai yiwuwa ɓurɓushi ne kawai daga abin da tsutsar ta ci a ruwa, ba ƙwaya mai rai da ake gado ba. Gardamar na da amfani, domin ta tilasta a sake duba da ido. A 2021 Thomas Walker da abokan aikinsa suka nuna ƙwayar da yawa, a sarari cikin mahaifa, a nau'o'i biyu: Anopheles moucheti na dazuzzukan Kamaru da Kwango, da Anopheles demeilloni na tsaunukan gabashin Afirka. Waɗannan nau'o'in Wolbachia sun riga sun saba da jikin Anopheles, abin da ya sa ake fatan za su fi sauƙin dasawa cikin manyan masu yaɗa maleriya.

Ba ita kaɗai ce baƙuwar da ke cikin sauron Afirka ba. A 2020 Jeremy Herren na cibiyar icipe da ke Kenya ya sami wata 'yar halitta dangin naman gwari, Microsporidia MB, a sauron Anopheles arabiensis na yankin tafkin Biktoriya, wadda ke hana ƙwayar maleriya girma kuma uwa ke gadar wa 'ya'ya. A 2023 aka ba da labarin wata bakteriya, Delftia tsuruhatensis, da aka gano a ɗakin gwajin kamfanin GSK a Sifen bayan sauron kiwonsu ya daina kamuwa da maleriya ba gaira ba dalili, aka kuma gwada ta cikin manyan kejina a Burkina Faso.

Dengi ma yana matsowa. Burkina Faso ta yi annoba a 2023 da ta kashe mutane fiye da 700, kuma a ƙarshen wannan shekarar hukumomin lafiya na Najeriya suka tabbatar da ɓullar cutar a Sakkwato. Duk wanda zai kawo wannan sana'a Sahel sai ya fara da lissafin zafi, domin an nuna cewa wMel na raguwa a jikin tsutsa idan ruwan da take ciki ya yi zafi sosai, kuma randa ko tsohuwar taya da ke rana a watan Afrilu ta wuce duk abin da aka gani a Cairns. Nau'in da Xi da Dobson suka dasa, wAlbB, ya fi jure zafi, shi ya sa Malesiya ta zaɓe shi don unguwannin Kuala Lumpur, inda ya zauna dengi kuma ya ragu. Ga kuma dogon rani, lokacin da ƙwan Aedes ke kwance a busasshen gindin tulu na watanni yana jiran ruwa, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙwai mai ɗauke da Wolbachia bai kai na daji daɗewa a wannan hali ba.